Yadda Haske Ke Tura Lantarki A Cikin Dutse Mai Karkata

 

Na tabbata da yawa daga cikinku kun saba da farantin nan baƙi mai sheƙi da a ke ɗorawa bisa rufin ɗaki, ya yini yana shan rana yana cika batir, da dare kuma a kunna fitila da rediyo. Watakila ma da wutarsa wani ke sauraronmu yanzu. To, yau ina so in ba ku labarin wata hanya dabam da haske ke bi ya haifar da lantarki, hanyar da ta daɗe tana ɗaure wa masana kai. Amma ba za a gane abin mamakin da ke cikinta ba sai an fara sanin yadda farantin da muka saba da shi ke aiki.

Asalin abin tsoho ne. Cikin shekarar 1839 wani saurayi Bafaranshe mai suna Edmond Becquerel, yana ɗan shekara 19, ya tsoma ƙarafa biyu cikin ruwan magani a ɗakin gwajin mahaifinsa a birnin Faris. Da ya haska ɗaya ya bar ɗaya a duhu, sai ya ga lantarki ya gudana. Aka yi shekara fiye da ɗari abin bai yi wani amfani sosai ba, sai cikin 1954, sa'ad da mutum uku a ɗakin binciken kamfanin Bell na Amurka, Chapin da Fuller da Pearson, suka ƙera faranti da silikon, watau sinadarin nan da a ke tacewa daga yashi. Nasu ya mai da kashi 6 cikin 100 na ƙarfin hasken da ya sauka a kansa ya zama lantarki. Cikin 1958 aka harba tauraron ɗan Adam mai suna Vanguard 1 da irin waɗannan faranti a jikinsa.

Ƙaƙa abin ke faruwa? Cikin 1905 Albert Einstein ya bayyana cewa haske ba kwarara ya ke yi kamar ruwan kogi ba, ƙwaya-ƙwaya ya ke zuwa, kowace ƙwaya da gwargwadon ƙarfinta. Ƙwayar shuɗin haske ta fi ta jan haske ƙarfi. A cikin silikon kuwa akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da a ke kira ilektoron, su ne gudunsu cikin waya ke zama wutar lantarki. Ku ɗauka suna zaune cikin gida mai bene. Ɗakin ƙasa ya cika maƙil, ba mai iya motsi. Saman bene kuwa wayam, wanda duk ya hau sai ya yi ta yawo yadda ya so. In ƙwayar haske mai isasshen ƙarfi ta bugi ilektoron guda, sai ta cilla shi saman bene.

Sai dai hawa bene kaɗai ba ya ba da lantarki. Wanda aka cilla sama bai san gabas ba, bai san yamma ba; ya ɗan zagaya, ya faɗo inda ya fito, ƙarfin ya zama zafi ya tafi a banza. Dole a yi masa gangara wadda za ta kai shi gefe guda. Saboda haka maƙeran faranti sukan zuba ɗan sinadarin fosforas a ɓangare ɗaya na silikon, su zuba boron a ɗaya ɓangaren. A daidai inda ɓangarorin biyu suka haɗu sai gangarar lantarki ta samu, kamar yadda magini kan karkatar da rufin soro don ruwan sama ya bi ta indararo. Wannan mahaɗa ita ce zuciyar farantin sola. Russell Ohl ne ya gano ta cikin 1940, a jikin wani guntun silikon mai tsaga.

Gangaran nan tana da iyaka guda biyu. Ta farko, ƙarfin turin lantarkin ba ya taɓa wuce tsayin benen. Tsayin benen silikon 1.1 ne a ma'aunin masana, abin da ƙwayar faranti guda ke bayarwa kuwa bai fi bolt 0.6 zuwa 0.7 ba, watau bai kai rabin batirin tocila mai bolt 1.5 ba. Shi ya sa a ke jera su da yawa a cikin faranti ɗaya. Ta biyu, cikin 1961 William Shockley da Hans Queisser suka yi lissafi suka nuna cewa faranti mai mahaɗa ɗaya ba zai iya cin fiye da kimanin sulusin ƙarfin hasken rana ba, kome gwanintar maƙeri. Dalili kuwa, ƙwayoyin haske marasa ƙarfi ba su iya kai kowa bene, sai su wuce. Masu ƙarfin da ya yi yawa kuma rarar tasu zafi ta ke zama. Mafi kyaun silikon da aka gwada a ɗakin bincike ya haura kashi 26 cikin 100, ga shi kuwa iyakar silikon ɗin kansa wajen 29 ce. Kun ga an kusa ƙure shi.

To, ga inda labarin ya juya. Cikin 1966 Arthur Ashkin da abokan aikinsa, su ma a ɗakin binciken Bell, suna haska wani dutse mai kama da gilashi, mai suna litiyam nayobet, da hasken leza. Sai suka ga hasken yana shiga a miƙe yana fita a wargaje, kamar dutsen ya lalace a inda hasken ya bi. Da fari an ɗauki abin a kan aibi ne kurum. Cikin 1974 Glass da von der Linde da Negran suka bi diddigi, suka tarar hasken ne ke kora ilektoron zuwa gefe guda na dutsen, su taru can, taruwarsu kuma ta karkatar da hasken. Babu mahaɗa, babu gangarar da wani ya gina, dutse ɗaya ne tun daga wannan baki har wancan. Ƙarfin turin da aka auna a irin wannan dutse kuwa ya zarce bolt 1,000. Ku kwatanta da 0.6 na silikon. Tun 1956 ma wani mai suna Chynoweth ya ga alamar irin wannan lantarki a wani dutsen, bariyam taitanet, amma sai bayan 1974 aka tashi haiƙan a kan neman dalili.

Mabuɗin farko yana cikin tsarin dutsen. Abin da masana ke kira kiristal, kamar ƙwayar gishiri ko ta sukari ko alif, shi ne abin da ƙwayoyin zarrarsa suka jeru a tsare, tsari ɗaya yana maimaituwa kamar zanen tabarma. A cikin gishiri, in ka tsaya a kan ƙwayar zarra guda, duk abin da ka gani taku uku ta damanka za ka ga irinsa taku uku ta hagunka. Abin da ke sama shi ke ƙasa. Irin wannan a kan ce yana da cibiya. Dutse mai cibiya ba shi da dalilin fifita wani gefe, don haka in haske ya tura ilektoron dubu gabas, zai tura dubu yamma, a tashi ba kome. Silikon tsantsa haka ya ke, shi ya sa sai an gina masa gangara.

An raba dukan kiristal na duniya aji 32 bisa ga tsarinsu. Aji 11 suna da cibiya, 21 ba su da ita. Ashirin daga cikin 21 ɗin nan su ne waɗanda in an matsa su sukan ba da lantarki, abin da 'yan'uwan nan biyu, Jacques da Pierre Curie, suka gano cikin 1880 a jikin kwaz, farin dutsen nan da a ke sa wa cikin agogo. Abin sha'awa, waɗannan aji 20 ɗin su ne dai haske ke iya tura lantarki a cikinsu ba da mahaɗa ba. Goma daga cikinsu kuma sun fi sauran karkata, domin suna da kai da gindi tun asali, kamar kibiya. Litiyam nayobet da bariyam taitanet suna cikin goman nan.

A nan ya kamata in tsaya kaɗan a kan wata ɗabi'a da kowane mai faskare ya sani tun kafin Bature ya sa mata suna. Itace ba ya tsagewa daidai ta kowace fuska. Bi tsawonsa da gatari, ya rabe nan da nan. Sare shi a gicciye, ka sha wuya. Masaƙi ma ya san ƙyalle ba ya jawuwa ta wajen zaren tsaye kamar yadda ya ke jawuwa a karkace. Duwatsu da yawa haka su ke game da lantarki da haske. Baƙin abin da ke cikin fensir, watau girafait, shimfiɗa-shimfiɗa ne kamar takardun littafi, lantarki kuwa ya fi saurin bin shimfiɗar sau ɗaruruwa bisa ga ƙetare ta. Cikin 1669 wani malami ɗan ƙasar Denmak, Rasmus Bartholin, ya ɗora wani farin dutse na tsibirin Aislan a kan rubutu, sai ya ga kowane baƙi ya zama biyu. Dalili shi ne haske yana kaɗawa ne kamar igiyar da yara biyu suka riƙe: a kan kaɗa ta sama da ƙasa, a kan kuma kaɗa ta dama da hagu. Dutsen Aislan ba ya karɓar kaɗawar biyu daidai. Haka nan a duwatsun da mu ke zance, in ka juya fuskar da hasken ke kaɗawa, lantarkin sai ya ƙaru, ko ya ragu, wani lokaci ma ya juya baya ɗungum. Farantin silikon bai damu da wannan ba.

Yanzu sai babbar tambaya. Rashin cibiya ya ba da izini ne kawai. Mene ne ainihin abin da ke tura ilektoron ɗin? Cikin 1981 Jamusawa biyu, Ralph von Baltz da Wolfgang Kraut, suka kawo amsa, waɗansu masanan Rasha kuma, Belinicher da Ivchenko da Sturman, suka kai ga irinta cikin 1982. Mu koma gidanmu mai bene. Mun ɗauka ɗakin sama yana daidai bisa kan na ƙasa. To, a dutse mai karkata ba haka ba ne, benen ya gota gefe guda. Ilektoron na ɗakin ƙasa yana maƙale kusa da wata irin ƙwayar zarra, na saman bene kuwa mazauninsa kusa da wata irin ce dabam. A sinadarin galiyam asanaid, alal misali, na ƙasa sun fi zama wajen asanik, na sama wajen galiyam. Saboda haka a daidai lokacin da haske ya ɗaga shi, ya riga ya gusa. Hawan shi ne tafiyar. Gushin ƙanƙane ne ƙwarai, kamar nisan da ke tsakanin zarra da maƙwabciyarta, watau ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Amma ƙwayoyin haske ba su ƙirguwa, kowace kuwa ta gusar da nata ilektoron ta fuska ɗaya, a ko'ina cikin dutsen. Kamar masu miƙa bulo ne hannu da hannu a wurin gini: ba wanda ya yi nisa da inda ya ke tsaye, amma bulo ya isa can bakin katanga. Wannan shi a ke kira lantarkin gushi.

Daga nan za ku gane dalilin bolt 1,000. Tun da dukan jikin dutsen ke turawa, ilektoron sai su yi ta taruwa a baki ɗaya har yawansu ya sa su fara tsiyaya baya. Dutsen kuwa ba ya barin lantarki ya wuce da sauƙi, don haka sai tarin ya yi yawa ƙwarai kafin tsiyaya ta yi daidai da turi. Tsayin bene ba shi da hukunci a nan.

Me ke yanke tsawon gushin da fuskar da zai bi? A nan ne zancen ya shiga ilmin kwantam, watau ilmin halayen abubuwa mafi ƙanƙanta. A wannan ilmi ilektoron ba tsakuwa ba ne, ya fi kama da igiyar ruwa wadda ta bazu cikin dukan dutsen, tana da siffa, tana kuma da abin da zan kira taku, watau inda ta ke a cikin hawa da saukarta, kamar takun mai rawa da kiɗa. Kowane irin gudu da ilektoron zai iya yi a cikin dutse yana da tasa siffar da nasa takun. Masana sukan jera dukan waɗannan halaye kamar garuruwa a kan taswira, kowane kusa da wanda ya fi kama da shi. Abin da aka daɗe ba a lura da shi ba shi ne, taswiran nan ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, tana da lanƙwasa.

Ga kwatanci, ina roƙonku ku bi ni a hankali. In akwai lemo ko ƙwallo kusa, ku ɗauka. A ce mutum yana tsaye a ƙurewar arewacin duniya, riƙe da mashi ya nuna gabansa. Ya taho kudu sak har ya iso layin da ya raba duniya biyu, mashin yana nuna kudu. Sa'an nan ya bi layin zuwa gabas har rubu'in kewayen duniya, bai murɗa mashin ba ko kaɗan, yana nan yana nuna kudu. Daga nan ya koma arewa da baya da baya har inda ya tashi. Ya dawo wurinsa, bai taɓa juya hannunsa ba, amma mashin ba ya nuna inda ya nuna da fari, ya juya digiri 90. Wa ya juya shi? Lanƙwasar duniya. Da a fili shimfiɗaɗɗe ya yi tafiyar, da mashin ya dawo yadda ya tafi. Irin wannan juyi ne Léon Foucault ya nuna wa mutanen Faris cikin 1851, da ya rataya dunƙulen ƙarfe mai nauyin kilo 28 da waya mai tsawon mita 67, ya sake shi yana lilo, fuskar lilon tana juyawa wajen digiri 11 kowace sa'a.

Cikin 1956 wani matashi Ba'indiye mai suna Pancharatnam ya ga irin wannan juyi a takun haske, amma kaɗan ne suka kula da aikinsa a lokacin. Sai cikin 1984 Michael Berry na Jami'ar Biristol a Ingila ya nuna cewa abin ya game dukan ilmin kwantam: igiya in ta zaga ta dawo halinta na fari, takunta kan sake gwargwadon lanƙwasar hanyar da ta bi. Kafin wannan, cikin 1980, Faransawa biyu, Provost da Vallée, sun nuna yadda za a auna nisa a kan wannan taswira, watau yawan bambancin siffa tsakanin hali da maƙwabcinsa. Nisan nan da lanƙwasan nan su ne a haɗe a ke kira surar kwantam. Ɗakin ƙasa yana da tasa taswirar, saman bene yana da tasa, gushin ilektoron kuwa daga bambancin murɗewar taku a tsakanin taswirorin biyu ya ke fitowa. Sipe da Shkrebtii na Toronto a Kanada suka tsara lissafin sosai cikin shekarar 2000. Cikin 2012 Young da Rappe na Jami'ar Fensilbaniya suka sa wa kwamfuta wannan lissafi game da bariyam taitanet, amsar kuwa ta zo kusa da abin da aka auna a dutsen tun shekaru da dama. Cikin 2016 Morimoto da Nagaosa suka ƙara fito da dangantakar abin da aikin Berry a fili.

Kada ku ɗauka masana duka sun yarda cewa gushi shi kaɗai ne. Akwai hanya ta biyu, inda ilektoron ɗin da aka cilla sama ke fita a guje, masu yin gabas sun fi masu yin yamma yawa. Sturman, wanda ke cikin waɗanda suka fara bayyana gushin, ya daɗe yana jayayya cewa a duwatsu da yawa wannan ta biyun ta fi ƙarfi. Rarrabe su a gwaji da wuya, domin waya ɗaya su ke bi su fito.

Gwajin da ya fi burge ni an yi shi ne a Jami'ar Tokyo ta Japan, aka buga labarinsa cikin 2021. Tun 2004, sa'ad da Geim da Novoselov a Mancesta suka ɓare shimfiɗa guda ta girafait da salatif, masana suka koyi ɓare duwatsu su yi sirara kamar ba su. Mutanen Tokyo suka ɗauki sinadari biyu. Ɗaya baƙin fosforas ne, wanda Percy Bridgman ya fara yi cikin 1914 ta wurin matse farin fosforas da zafi. Shimfiɗarsa tana da kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, lantarki da haske ba su bin tsawon kunyar kamar yadda su ke bin gicciyenta. Sai dai yana da cibiya, don haka shi kaɗai ba ya ba da lantarkin gushi. Na biyu tangistan disalanaid ne, wanda tsarinsa mai fuska uku ne kamar duwatsun murhu, ba fuskar da ta fi wata. Da suka ɗora ɗaya bisa ɗaya suka daidaita su, sai kunyar fosforas ta zaɓi fuska guda daga cikin ukun, mahaɗin ya zama mai kai da gindi. Aka haska shi, lantarki ya gudana ta wannan fuska, ta gicciye kuwa bai gudana ba. Watau karkatar da a dā sai an tono ta a dutse, yanzu an iya ƙera ta da hannu. Surar kwantam ɗin kanta ma an fara auna ta kai tsaye: cikin 2024 a wani ƙarfe na kobalt da kuza, cikin 2025 kuma masanan Koriya ta Kudu suka auna nisan taswirar a jikin baƙin fosforas ɗin nan.

To, ko mai farantin sola ya fara shirin sauke shi daga rufi? A ganina, a'a. Bolt 1,000 abin faɗi ne, amma ƙarfin turi dabam, yawan abin da ke gudana dabam. Ɗigon ruwa daga saman dutse mai tsawo ba ya cika tulu da sauri kamar ƙorama. Lantarkin da tsofaffin duwatsun nan ke bayarwa kaɗan ne ƙwarai, domin benensu ya yi tsawo har yawancin hasken rana ba ya iya kai kowa sama. Bariyam taitanet sai hasken da ya kai shuɗi mai duhu ko ya wuce shi. Gaskiya ne lissafin Shockley da Queisser a kan faranti mai mahaɗa aka yi shi, bai ɗaure waɗannan duwatsu ba. Amma kuɓuta daga iyaka ba ta nufin an wuce ta, kuma ba a sayar da farantin irin wannan a kasuwa.

Inda na fi sa rai shi ne wajen na'urorin gano haske. Gushin yana aukuwa ne a daidai lokacin da aka haɗiye ƙwayar hasken, ba sai ilektoron ya yi tafiya ya nemi gangara ba, don haka yana da sauri ƙwarai. Ba ya bukatar batir, kuma yana faɗin fuskar da hasken ke kaɗawa. Cikin 2019 masana a Amurka suka sami irin wannan lantarki mai yawa a wani sinadari mai suna tantalam asanaid, da hasken zafi wanda ido ba ya gani, irin wanda silikon ba ya ji ko kaɗan, kuma ba tare da an sanyaya na'urar ba.